Inna, Funfunarki Tana Nan

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Yau na buɗe wani faranti a wurin aiki, dariya ta ƙwace mini, na ce sai na rubuto miki.

Kin tuna shekarun da Gusau ta zama babban birnin sabuwar jiha, gyaɗarmu ta Rawayya ta riƙa ruɓewa tun daga saiwa? Baba ya ce bana ce ta ƙarshe, in ta sake ruɓewa dawa zai koma. Ke kuwa ƙulinki ne sunanki har kasuwar Bungudu, kuma ba kya soya gyaɗar saye.

A hutun shekarar na dawo daga jami'a da farantan gilashi na ɗakin gwaji. Na ciro wata funfuna da ke zaune cikin ganyen darbejiya ba ta cutar da shi, ina kiwonta, don ruwan da take fitarwa yana tare muguwar funfunar da ke cin gyaɗa. Laifina ɗaya, ban yi miki bayani ba. Na je Tsafe biki, na dawo na tarar da farantaina a kife kan turmi, sai ƙyalli suke yi. Kin sa musu toka da soso, kina jiran godiya.

Na zauna na yi kuka sosai. Kika ce, "To ni mi na sani? Hunhuna dai hunhuna ta!"

Da na yi bayani, ba ki ce kin yarda ba. Washegari dai kika tsinko ganyen da kanki, kika kwashe kwanukan jerenki, kika ba farantan wuri mafi sanyi a ɗakin. Ke da tuwo ba ya kwana biyu a gidanki don gudun funfuna! Maƙwabta suka leƙo, kika ce, "Ku yi sannu, baƙin ɗiyata na kwana."

Da funfunar ta sake tsirowa daga ganyen, muka jiƙa irin gyaɗa kaɗan da ruwanta, muka shuka a 'yan kunyoyi. Ba duka ya tsira ba, amma kunyoyin nan sun yi 'ya'yan da Baba ya fasa maganar dawa. Ƙulinsu kuwa kika hana a sayar, kika raba wa unguwa.

Inna, irin waccan funfunar ba ta mutu ba. Nakan sauya mata faranti har yau, ɗalibaina suna kiranta "ta Inna". Ganyen da kika tsinko ne asalinta, kuma ita kaɗai ta rage mini mai rai daga abin da hannunki ya taɓa. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki, inda ba abin da ke ruɓewa.

Taki,
'Yar autarki mai kiwon funfuna