Kindirmo da Sababbin Ƙwayayen Lantarki

Daren Talata, Rano

Yaya Sani ya sallami Inna Dije. Ya ce kada ta sake kawo mana kindirmo daga Zurgu.

Tun da muka gyara shagon furar nan masu saye ke ƙorafi wai kindirmon ya yi ɗorawa-ɗorawa, kamar ya kwana. Yau a gabansu Yaya ya faɗa mata haka. Ta ce, "Alhaji, tun kana firamare nake kai wa mahaifiyarka. Ɗanɗana mana." Bai ɗanɗana ba.

Bayan tafiyarta na ɗebi ragowar a ludayi na fita rana. Fari ne tas. Na dawo ciki, ya koma ɗorawa. Ashe ƙwayayen lantarkin da Yaya ya sayo a Kano ne, masu hasken ruwan ɗorawa. Suna ƙawata bango, amma suna ɓata farin abu.

Na nuna masa. Ya ce, "Sa fararen ƙwayaye a saman kantar shagon."

Gobe zan sa. Abin da ke damuna, maganar ta riga ta shiga kasuwa. Na aika wa Inna Dije mai babur da ban haƙuri. Har yanzu ba ta ce za ta dawo ba.