Lawali, An Kwance Mini Ɗaurin Jitarka

Zuwa ga aminina kuma malamina a fagen kiɗa, Lawali ɗan Tsafe, wanda muke kira Bahago.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa, da girmamawa irin wadda ta dace da wanda ya koyar, daga wanda ya koya bai gama ba. Gaisuwa ce da ta taso daga Bungudu, ta ratsa Gusau, ta tsaya a Tsafe ta yi wa mahaifinka addu'a a kushewarsa, sannan ta kama hanyar Kudu tana tambayar masaukinka. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sana'a, da hannun nan naka na hagu da Allah ya yi wa baiwa.

Sallama gare ka Bahago, gwanin tsirkiya,
Hagunka ta fi daman duk mai fariya,
Na ƙwanƙwasa ƙofarka ban aiko ba, gaskiya,
Matsuwa ce ta koro ni, ba son hayaniya.

Ka gafarce ni da na faɗo maka haka bayan shekara bakwai na shiru, ka kuma gafarce ni da na shimfiɗa maganarmu a bainar jama'a, alhali na san kai mutum ne mai gudun taro. Lambarka ta daina shiga tun tuni. Na tambaya a tashar Tsafe, wani direba ya ce ya gan ka a Shagamu, wani ya rantse a Ibadan kake. Shi ya sa na rubuta a wannan shafi, ko Allah zai sa wanda ya san ƙofarka ya karanta ya kai maka.

Ga abin da ya kawo ni, ba tare da kewaye ba: an kwance mini ɗaurin jitarka, kuma saura kwana goma sha biyu in hau rediyo.

Ka tuna lokacin da aka turo ni Tsafe koyar da Hausa, kai kana gyaran keke a bakin kasuwa. Wata la'asar na kawo maka faci, na tarar kana kaɗa wata jita da wani direban babbar mota ya bar maka. Na tsaya da tayar keke a hannu har aka kira magariba. Abin da ke fita daga katakon nan bai yi kama da kiɗan Turawa ba. Molon mahaifinka nake ji, sai dai ya yi faɗi, ya yi zurfi, kamar an buɗe masa ƙarin ɗaki.

Daga baya na ga abin da ka yi mata. Ka cire tsirkiya shida da ta zo da su, ka juya jerinsu domin hannunka na hagu, ka mayar da biyar kawai, ta biyar ɗin ma zare ne da ka zaro daga wayar birkin keke. Sannan ka ɗaure su a kan muryar molon gidanku. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Baƙuwa ce, Malam. Sai an koya mata Hausa."

Ni kuwa na-dama ne, amma haka na rungume ta yadda take, sirara a sama, masu kauri a ƙasa. A kan wannan juyayyen jeri yatsuna suka koyi duk abin da suka sani. Sau nawa na zo da littafi da biro na ce ka yi mini bayanin ɗaurin in rubuta? Kullum sai ka yi dariya ka ƙwace biron, ka ce, "Mi za ka yi da bayani? Da kunne aka kiɗi, ba da alli ba." Sai ka murɗa kunnuwan jitar, ka miƙo mini ita a shirye, ni kuma in karɓa kamar mai karɓar tuwo a faranti, ban taɓa leƙa tukunya ba.

Ranar da za ka tafi, bayan gonarku ta gagari zuwa saboda rashin tsaro kuma kasuwa ta yi sanyi, ka kawo mini ita tasha a cikin buhun taki. Maganarka ta ƙarshe tana kunnena har yau: "Kar ka bari su saki duka lokaci guda. In ɗaya ta saki, huɗun za su faɗa maka wurinta."

Shekara bakwai na riƙe wannan wasiyya, Lawali. An mayar da ni gida Bungudu, na taho da ita. In tsirkiya ta saki, in saurari 'yan'uwanta in mayar da ita. In ta tsinke, in sa sabuwa guda ɗaya, in ja ta a hankali har ta zauna cikinsu. Ban taɓa sanin sunan murya ko ɗaya ba, amma ɗaurinka bai ɓata ba.

Kada ka ɗauka shekarun nan daɗi na sha. Yayana Alhaji Mamman ya kira ni zaurensa ya ce, "Mu gidanga allo munka gada. Kai da furfura a gemu, ka rasa abin goyo sai katako?" Abokan aiki sun daina kirana Malam Sama'ila, sai Malam Jita, har shugaban makaranta ya taɓa kuskuren faɗar haka a taron iyaye. Hajara, uwar 'ya'yana, ba ta hana ni ba, amma in na ɗauko waƙar da na tsara wa manoma takan ce, "Waƙar geron nan tun Aisha tana goye nake jin ta, ga ta yau tana daka geron da kanta. Yaushe duniya za ta taya ni ji?"

Na nemi duniyar ta ji. Na shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Gusau ɗaya bayan ɗaya, da baitocina a rubuce, na auna su, na tsefe su. A na farko, mai na'urar bai bari na buɗe buhun ba, ya ce, "Baba, jingine katakon nan, akwai jita cikin kwamfuta, kuma ta fi taka biyayya." A na biyu an saurare ni har baiti uku, aka ce waƙar ta yi kyau, saura in cire gero daga amshi in sa sunan wani babba. A na uku aka tambaye ni ko ana iya rawa da ita. Waƙar da na yi wa manomin da ke duƙe a kunya tun hantsi, ita ake tambaya ko ana rawa da ita! Na naɗe takarduna na hau mota na koma Bungudu, ina haɗa baitocin zambo a zuci waɗanda tarbiyya ta hana ni rubutawa.

A gidajen biki ma an daina neman mai kaɗawa da hannu. Akwatin sauti ake kafawa, a danna, a tashi. Ni kuwa in zauna a gindin darbejiyar gidanmu bayan la'asar, ina kaɗa wa awaki.

Sai makon jiya Allah ya buɗe wata 'yar kafa. Wani abokina ya gayyace ni Rawayya ranar da suka gama yankan gero, na zauna a inuwa na yi wa manoman waƙar tasu. Lawali, mutane suka ajiye ƙwaryar fura suka kewaye ni. Wani dattijon makiyayi da ya tsaya da sandarsa a kafaɗa ya matso ya leƙa cikin ramin jitar, ya ce, "Wanga molo, wa ya kumbura shi haka?" Ashe a cikin taron akwai wata baiwar Allah mai gabatar da shirin manoma a wani gidan rediyo a Gusau, ta zo jin ta bakinsu kan amfanin bana. Ta ce in zo ranar Asabar ta sama in yi rabin sa'a kai tsaye, ni da jitata, ba kwamfuta, ba sunan kowa. Ta ce wannan sautin take so, shi ɗin nan, domin ba ta taɓa jin irinsa ba.

A nan ne na yi wautar da zan mutu ina jin kunyarta. Na dubi jitar na ga tsatsa a tsirkiya ta biyu, na ga wayar birki, sai na ji kunyar shiga gidan rediyo da ita haka. Aka kwatanta mini wani mutum a Gusau, Bulus, mai gyara wa majami'u kayan kiɗa. Na kai masa na ce ya goge ta ya canza mai tsatsar. Ban ce masa kada ya taɓa sauran ba, domin ban zaci akwai mai taɓawa ba. Aka kira azahar, na tafi masallaci, na tsaya na ci abinci.

Na dawo na same shi yana murmushi irin na wanda ya yi sadaka. Ya datse duka biyar ɗin da filaya, ya ɗaura sababbi shida, ya saita su da wayar hannunsa. Ya ce, "Malam, wanda ya ɗaura maka wannan ya cuce ka, komai a juye yake, har da wayar keke! Yanzu ta zama jita ta gaskiya." Na ɗora yatsuna inda suka saba zama shekara goma sha ɗaya. Abin da ya fito, ko kwanon da ya faɗo daga kan katanga ya fi shi tsari.

Ban iya yi masa faɗa ba. Mutumin kirki ne, aikinsa ya yi yadda aka koya masa. Na durƙusa a kwandon shararsa na tsinto guntun wayar birkin na sa a aljihu, shi kuma ya tsaya yana kallona, murmushin yana gushewa.

Tun ranar nake fama. Jerin na sani, na mayar da su biyar yadda ka jera. Amma iyakar inda za a ja kowace, wannan ne ban sani ba, kuma babu huɗun da za su faɗa mini. Bulus da kansa ya biyo ni Bungudu, muka saurari ɗan abin da wani ya ɗauka da waya a Rawayya, iska da surutu sun cinye rabinsa. Mun kusa, amma da na kai amshi sai murya ta yi gabas tsirkiya ta yi yamma. Na tsinka biyu garin ja. Na je Tsafe wurin tsohon makaɗin molon nan Baba Ɗan'inna da ya yi zamani da mahaifinka. Ya saurara ya girgiza kai ya ce, "Kowane gida da nashi ɗauri, ɗana. Na gidansu Lawali, tun da uban ya kau, sai shi."

To, sai kai. Kuma bari in faɗa maka, ina fushi da kai. Shekara huɗu muna zama a kan benci ɗaya, me zai rage ka da ka bar ni na rubuta layi biyar? Ka ba ni doki ka riƙe linzami ka tafi da shi Kudu. Amma fushin da nake yi da kaina ya fi. Ni ne mai tsayawa gaban allo kullum ina cewa ɗalibai su rubuta kada su dogara da ƙwaƙwalwa. Ni ne na ji wasiyyarka da kunnena, na riƙe ta shekara bakwai, na sake ta a kan ɗan tsatsa da son a gan ni da kyau a gidan rediyon da ba a ma ganin mutum.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, Bahago. Da na matsa, da na gano ɗaurin tun kana nan, ko bayan tafiyarka in nemi mai ilimin abin ya auna mini ya rubuta. Ban so ba. Muddin ɗaurin naka ne ban san sirrinsa ba, to kana nan. Duk la'asar da na kaɗa, murɗawar da hannunka ya yi a tashar Tsafe ce take magana, ni rakiya kawai nake yi. Ranar da Bulus ya sa filaya, ranar ce ka tafi da gaske, kuma ina masallaci ban yi maka rakiya ba.

Shekarata arba'in da takwas. Ba na jin za a sake kirana karo na biyu. Ba zan shiga da tsirkiya shida in yi kame-kame ba, ba kuma zan bari kwamfuta ta raka waƙar gero ba. In amsarka ba ta zo ba, zan je in ba baiwar Allahn nan haƙuri, in dawo gindin darbejiya, Alhaji Mamman ya samu abin faɗa har ƙarshen rayuwarsa. In kuwa ta zo, kafin in taɓa tsirkiya zan faɗa wa duk mai saurare, daga Nahuce har Furfuri, cewa wannan ɗaurin Lawali ɗan Tsafe ne, wanda ya koya wa baƙuwa Hausa.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a neman da kake yi, ya jiƙan mahaifinka da ya bar muku wannan murya. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya dawo da kai Tsafe ka buɗe rumfarka, in kawo maka faci ko da tayata lafiya lau take. Amin.

Roƙona ɗaya ne, kuma ina yin sa da gwiwa biyu a ƙasa: ka amsa mini a rubuce, cikin gaggawa, kafin Asabar ta sama. Kada ka aiko da murya ka ce in saurara, kunnena ya riga ya faɗi wannan jarrabawa. Ka rubuta wadda ake fara ɗaurewa, da gaɓar da zan danne a wuyan jitar har ta yi daidai da ta kusa da ita, ɗaya bayan ɗaya har biyar. Da boko ko da ajami, ko a bayan takardar siminti ne, a ɗauki hotonta a saka a ƙarƙashin wannan wasiƙa. Wannan karon kada ka ƙwace biron.

Na zaro sabon zare daga birkin kekena, yana nan a ɗaure sako-sako yana jiran ka.

Naka har kullum, ɗalibinka da bai gama ba,
Sama'ila, Bungudu.