Sunanki Yana Inda Allura Ke Hutawa

London, 12 ga Mayu, 1975

Zuwa ga Angharad, hasken idona, ranar da ke leƙo Porthmadog sau biyu a shekara, shayina mai zafi a ranar ruwa, sarauniyar masu fushi ta ƙasar Wales baki ɗaya.

Zoben alkawarinmu da kika maido ya iso. Na gode da kika naɗe shi a auduga, ko ba komai shi kin tausaya masa. Ni kuwa ko gaisuwa ban samu ba, sai layi ɗaya: "Ka kai wa Lorna." Haba, Angharad! Lorna ɗaya ce tal a garinmu, matar Huw mahauci, mai jikoki huɗu. An ce tun da waƙar tawa mai kiran Lorna ta fito sai ta shafa jan-baki take buɗe shago, mijin kuma yana wasa wuƙa yana tambayar ranar dawowata. Can kike so in kai zobe?

Kin manta inda aka haifi waƙar nan? Muna rumfar jiran bas a bakin teku, ruwa kamar da bakin ƙwarya, bas ta ƙi zuwa, ke kuma kina ƙwanƙwasa ƙarfen benci da laimarki don haushi: uku a jere, ki tsaya, ki ƙara ɗaya. Na rubuta baitin farko a takardar da aka ƙunso mana kifi da dankali, maiƙo ya cinye rabin kalmomin. Na karanta miki ina jiran yabo, kika ce, "In ka gama, miƙo rigar nan, sanyi nake ji." Wannan bugun laimar taki shi ƙasar nan ke bugawa yau a kan tebur da sitiyarin mota, ba wanda ya san mai shi.

Da sunanki na shiga ɗakin ɗaukar murya, Allah shaida. Sau goma sha ɗaya muka ɗauka da shi. Sai Mista Pickering, mai tsara faifan, ya gwada kiran sunan sau uku kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa. Ya ce, "Saurayi, mai shirin rediyo ba ya saka waƙar da bakinsa ba zai iya faɗa ba. A nemo suna gajere." Ya waiga ya ga gwangwanin biskit, ya karanto Lorna a jikinsa. Kishiyar taki ke nan, gwangwani.

Na yi shiru, kuma nan ne laifina, ba zan ɗora wa kowa ba. Abokan kiɗana uku sun zuba mini ido, kowannensu ya bar aikinsa ya biyo ni London. Tsoro ya kama ni, na buɗe baki na rera sunan biskit.

Daga nan waƙa ta kama hawa jerin masu kasuwa: ta talatin da takwas, ta goma sha huɗu, ta uku. Jiya Lahadi da yamma rediyo ya ce ita ce ta ɗaya. Gethin mai ganga ya yi tsalle har ya fasa ƙwan fitila da ka. Ni na zauna da zobenki a hannu ina sauraron muryata tana kiran matar mahauci. Me zan yi da ta ɗaya a ƙasa, in ni ne na ƙarshe a wurinki? Kewarki nake, Angharad, har abinci ya daina yi mini ɗanɗano.

Mamanki ta ce kin hana a shigo da faifan gida, shi ya sa ba ki gani ba. Ranar da ake yanka uwar faifan, wadda daga ita ake buga sauran, tsohon da ke aikin ya ga na yi tagumi. Ya nuna mini filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, inda allura ke zagayawa ba sauti. Ya ce, "Nan ba ruwan Pickering. Kana da magana?" Ya miƙo mini tsinken ƙarfe.

Ga faifai ɗaya na haɗo da takardar nan. Kada ki saurare shi. Ki kai shi bakin taga, ki ɗan karkata shi ga haske. Rubutun ya karkace, amma ban rage harafi ko ɗaya na sunanki ba. Haka yake a faifai dubu ɗari uku, har da wanda Lorna ta jingine kusa da sikelin nama.

Zan sauka a jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu ran Asabar, zobe a aljihu. Ki zo da laimar. In duka ne zan tsaya cak, uku a jere, ki huta, ki ƙara ɗaya.

Naki, tun daga inda waƙa ta fara har inda ta ƙare aka bar sunanki,
Emlyn