Gumin Murfin Kwano

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Uji. Yaya ƙafarki? Ya Kawu Noboru da gonar tuffa? Ni lafiya lau. Tarin ya yi sauƙi, kuma kowa a masana'antarmu yana yin sa, ƙurar ganyen shayi ce kawai.

Kawu ya ce har yanzu kina zuba mini abinci ki rufe, in murfin ya yi gumi ki ce ina lafiya. To, ranar hutuna na rama. Na shiga wani gidan shayi a bakin kogi, na ce a kawo taliyar koren shayi mai sanyi, da niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai jan wake da ruwan koren shayi mai zaƙi, bibbiyu.

Tsohuwar da ta kawo ta ce, "'Yan mata, saurayin ya makara ne?"

Na ce, "Mamata ce, tana hanya."

Ta ce, "To ta ɗaga ƙafa, ƙanƙara ba ta san uwa ba."

Ina zuƙar taliyata ina kallon ƙanƙararki tana narkewa, kore yana gangarowa kamar tudun garinmu bayan sanyi ya wuce. Har na ji ki kina mitar zaƙi ya yi yawa. Kofinki ya yi gumi, Mama, har ya jiƙa tebur. Hankalina ya kwanta.

Ki aiko mini da maganin tarin nan naki. Allah ya bar mini ke. In wata rana kin tarar da murfina a bushe, kada ki tsorata, miyar ce ta huce.

'Yarki,
Chizuru