Ranar Asibiti Ta Zo Daidai Da Ranar Ban-Ruwa

Anti Zuliha, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Maigidana manomin rani ne a wajen Bunkure. Ƙwaya ya fara sha wai don ƙarfin aiki lokacin ɗiban tumatir, har ta kai ba ya iya ɗaga fartanya sai ya haɗiya. Da kansa ya je ƙaramin asibitinmu, wani ma'aikaci, Malam Uba, yake zama da shi duk mako yana ba shi magani da shawara. Wallahi har ƙiba ya fara yi.

To, sai annobar sanƙarau ta shigo. Ɗakin da suke zama an cika shi da marasa lafiya, Malam Uba ko tsayawa gaisuwa ba ya samu. An ce masu irin matsalarsa su riƙa zuwa Kano ranar Litinin, ranar da ake sako wa layin gonarmu ruwa. In ya tafi tumatir ya bushe, in ya zauna maganinsa ya ƙare. Ya zaɓi gona. Yanzu ya koma zama wurin masu lodin kwanduna, inda ya koyo abin. Ƙaninsa Ibrahimu zai iya yi masa ban-ruwan, amma ya hana ni faɗa masa, wai kunya. Ni kuwa na ƙudura, ba zan zuba ido ba. Ko in saka hijabi in shiga gonar da kaina, duk abin da za a ce a ce?

Mai Damuwa, daga Bunkure

’Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kada ki ga laifin Malam Uba, rayuka yake cetowa. Kunyar maigidanki ma ba abin raini ba ce, a ƙauye magana ba ta kwana. Amma in kin shiga gona, maganar da yake gudu ita za ki jawo masa.

Kada ki tona shi a bayan idonsa. Zaunar da shi, ki ce masa ya gaya wa Ibrahimu yana ganin likita duk Litinin. Gaskiya ce, kuma ta isa. In ya ƙi, ya nemi maƙwabcin da ke wani layin ya riƙe masa, shi ma ya rama masa ranar nasa ruwan. Ya karɓi lambar Malam Uba, ya kuma tambaya a Kano ko za su ba shi maganin da zai daɗe. Ku je rigakafin sanƙarau ku duka.

In duk hakan ya gagara, Litinin ya shiga mota. Tumatir za a sake dasawa baɗi, yaranki kuwa ubansu suke bukata bana. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki juriya.

Anti Zuliha