Rufinmu Bai Yi Baƙi Ba

Kaka,

Na tafi makaranta kina barci. Don Allah kada ki hura murhu yau.

Mai share bututun hayaƙi ya zo. Ko minti goma bai yi a sama ba ya sauko. Na ce, "Baba, har ka gama?" Ya ce, "'Yar boko, koma ga littafinki."

Amma bara da aka share, dusar ƙanƙarar rufinmu baƙi ƙirin ta yi. Yau fara fat take. Na zura yatsa a bututun, kunkunniya ta maƙale mini kamar kwalta, irin wadda ta ƙone gidan su Kudo.

Ki je ki ji ɗumi wurin Inna Fumie. Kada ki wahala neman ashana, tana cikin jakata.

Chisato