Ma'aunin Zafi a Gaban Maryamu

Arequipa, 3 ga Yuni

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi. An sallame mu daga asibiti. Jikarki Amancay ta fara ƙiba, tana shan nono kamar za a ƙwace.

Na san Baba ba zai iya zaman mota ba, shi ya sa nake so in kawo muku ita. Amma likita ya ce tunda bakwaini ce, kada ta kwana a ɗakin da zafinsa bai kai digiri sha takwas ba, ga shi sanyin Lampa ya kankama. Na ba direban motar Lampa ma'aunin zafi ya kawo miki. Ki sa shi a ɗakina na da, ki rubuto min inda jan layin ya tsaya. In bai kai ba, sai mu haƙura har sanyi ya wuce.

'Yarki,
Nélida

Lampa, 9 ga Yuni

'Yata Nélida,

Gaisuwa da sa albarka. Talatin da ɗaya! Ki kai wa likitan nan takardata ya karanta da idonsa. Shi a tunaninsa a kan ƙanƙara muke kwana? Na ajiye abin naki a wuri mafi daraja a ɗakin, jan layin sai hawa yake. Na kira maƙwabciyarmu Doña Basilia ta gani, har yanzu bakinta bai rufu ba.

Babanki ya ware ragon da za a yanka. Na ce to ya cire ponchon nan nasa, mayafin ulun da ba ya rabuwa da shi, in wanke kafin baƙuwa ta iso, ya ce a cikinsa ya aure ni, a cikinsa za a binne shi. Ki taho kawai.

Mahaifiyarki,
Eulogia

Arequipa, 14 ga Yuni

Mama,

Ina gaishe ku. Na yi dariya har ɗinkin da aka yi min wajen haihuwa ya yi zafi. Ɗakin da ruwa ke daskarewa a kofi ne talatin da ɗaya? Na san wurin darajar nan: kantar da kike ajiye hoton Budurwa Maryamu, tsakiyar kyandirorin da kike kunna wa Amancay. Zafin addu'arki kika auna, Mama, ba na ɗaki ba.

Ki rataye shi a bangon ciki, daidai tsayin gado, nesa da taga da ƙofa da wuta. Kada ki riƙe shi a hannu, kada ki hura masa numfashi. Ki bar shi ya kwana a nan, ki duba da sassafe kafin rana ta shigo. Duk abin da ya ce, shi za ki faɗa min.

Taki,
Nélida

Lampa, 28 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa. Kin yi ta jira, na sani. Kunya ce ta hana ni rubutu.

Shida ya ce. Shida! Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, don na riga na saƙa mata hula. Babanki ya dogaro sandarsa ya leƙo, ya ce, "Kukan me kike, tsohuwa? Ɗaki ne, ba dutse ba. Kira gayya."

Ai kuwa unguwa ta fito. Maza suka yaɓe bango da laka da ciyawa, suka gina murhu mai bututun hayaƙi. Mata muka cusa ulu a ƙarƙashin rufi, muka shimfiɗa fatun tumaki a ƙasa. Ragon da aka ware wa Amancay dai ya tafi a cikin 'yan gayya, ki yi haƙuri. Kullum da safe mutane na layi a ƙofa, "Doña Eulogia, yau nawa?" Sha ɗaya. Sha biyar. Ranar da ya kai sha bakwai har rawa aka yi a tsakar gida.

A nan ya cije. Iska na shigowa ta tsagin ƙofa, ga ulu ya ƙare. Basilia ta raɗa min, "Haba, ɗaya tal! Kunna masa kyandir guda mana, wa zai sani?" Na ce, "Basilia, ƙirjin jikata zai sani."

Sha bakwai ne, 'yata. Ban ƙara ko ɗigo ba.

Mahaifiyarki,
Eulogia

Lampa, 1 ga Yuli

Nélida,

Gaisuwa a gaggauce, direba na ta matsa min hon.

Sha tara, kwana biyu a jere, babu kyandir ko ɗaya. Jiya na tashi na tarar da ponchon babanki an buga shi da ƙusa a jikin ƙofar, ya toshe tsagin ruf. Shi da hannunsa ya buga.

Yanzu haka yana zaune a bakin hanya da rigar coci, yana rawar ɗari, yana duban kowace mota. Kawo masa jikarsa kafin ya daskare.

Mama